Wanda Ya Kaɗa Gangar Taro, Shi Zai Shimfiɗa Tabarmi

Akwai kalmomi biyu da suka zama ruwan dare a bakin masu kantunan aika kuɗi, tun daga Icirnawa har Matamaye, tun daga Matamaye har birnin Damagaram, kalmomin da ba su da ubangida balle mai ɗaukar alhakinsu, wato "babu rezo". Da su ake sallamar ɗan kasuwar da ya riga ya ɗora buhunan wake a mota, yana jiran kuɗin da abokin cinikinsa ya ce ya turo daga Kano. Da su ake sallamar malamin makarantar da ya biya kuɗin kabu-kabu daga ƙauyen da yake koyarwa don ya taɓa albashinsa a ƙarshen wata. Da su ake sallamar tsohuwar da ɗanta ya aiko mata kuɗin cefanen salla daga Agadas. In kuwa mutum ya matsa da tambaya, sai a ƙara masa da wata maganar da ta fi ta farko ciwo, a ce masa ai ku ne kuka yi yawa, kowa ya taso lokaci guda, kun danne na'ura.

Wannan magana ta biyu ita ce abin dubawa, domin akwai ƙamshin gaskiya a cikinta, kuma ƙarya ba ta taɓa yin ƙarfi irin ranar da ta sami ƴar gaskiyar da za ta jingina da ita. Gaskiya ne halin masu amfani da na'ura yana iya durƙusar da ita. Amma wannan hali sananne ne, ana iya auna shi tun kafin ya auku, kuma sau da yawa hukumomi da kamfanonin da ke kuka da shi su ne suka haife shi da hannunsu. Wanda ya kaɗa gangar taro, ya sa rana, ya ce duk wanda bai zo ba zai yi asara, ba shi da bakin cewa jama'a sun cika masa fili.

Abin da kalmar rezo take ɓoyewa

Kalmar rezo, wadda aka aro daga Faransanci, buhu ce da ake cusa abubuwa uku a ciki, sannan a ɗaure bakinta don kada a san wanne ne ya lalace. Na farko shi ne dogon ƙarfen sadarwa da ke tsaye a gefen gari, wanda wayar salula take magana da shi. Na biyu shi ne hanyar da saƙo ke bi daga wannan ƙarfe zuwa Damagaram, zuwa Yamai, har ya ƙetare iyaka ya kai bakin teku. Na uku, wanda shi ne ba a cika ambata ba, wata babbar kwamfuta ce da ke ajiye a wani ɗaki mai sanyi a Yamai ko Legas ko Turai, wadda masu sana'ar suke kira sabar, wasu kuma suka raɗa mata uwar garke. Ita ce take riƙe da littafin asusu, ita ce take duba ko akwai kuɗi, ta rage daga nan, ta ƙara a can, ta mayar da amsa.

Saboda haka mutum yana iya ganin sandunan wayarsa sun cika maƙil, yana kiran ɗan'uwansa suna jin juna rangaɗau, amma kuɗi ya ƙi tafiya. A irin wannan hali ƙarfe lafiyarsa ƙalau, hanya ma a buɗe take, uwar garke ce aiki ya yi wa yawa. Kuma ƙarfinta ba daga sama ya faɗo ba. Wani mutum ne ya zauna a ofis ya yanke shawarar girman da za a saya, da yawan ma'aikatan da za su kwana suna gadinta, da kuɗin da za a kashe ko a tsuke.

Lissafin layi a gidan niƙa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gidan injin niƙa ranar jajibirin salla ya riga ya fahimci rabin ilimin nan. Inji ɗaya ne, ƙorai kuwa sun jeru har waje. Muddin ƙoran da ke zuwa ba su kai abin da injin ke iya niƙawa ba, layi yana tafiya. Ranar da suka zarce ƙarfinsa ko da da ɗan kaɗan ne, layin ba zai daina tsawo ba sai masu zuwa sun ragu.

Wannan lissafi ya girmi kwamfuta. Wani masanin lissafi ɗan ƙasar Danmak mai suna Erlang, wanda ya yi aiki a kamfanin tarho na birnin Kopenhagen, shi ya fara rubuta shi a shekarar 1909, yana neman sanin layukan tarho nawa za su ishi gari guda. Daga wannan ilimi aka fitar da wata ƙa'ida da ya kamata kowane shugaban kamfani ya haddace. A lissafi mafi sauƙi, inda buƙatu ke zuwa a warwatse kuma mai aiki ɗaya ne, in na'ura tana aiki da rabin ƙarfinta, mutum zai ɓata ninki biyu na lokacin da aikinsa ke ci. In ta kai kashi 80 cikin 100, ninki biyar. In ta kai kashi 90, ninki goma. In ta kai kashi 99, ninki ɗari. Wato jinkiri ba ya hawa a hankali kamar mai hawa tudu, yana tafiya lami lafiya ne sai kwatsam ya miƙe tsaye kamar bango. Shi ya sa na'urar da ta yi aiki sumul ranar 20 ga wata take sumewa ranar da albashi ya sauka, alhali mutanen da suka ƙaru ba su ninka na jiya ba.

A ɗauki misali don a gani da ido. A ce uwar garke tana iya amsa buƙata 100 a daƙiƙa guda, sai buƙata 120 suka riƙa shigowa. Kowace daƙiƙa 20 suna taruwa. Cikin minti ɗaya 1,200 sun jeru, cikin minti biyar 6,000, kuma wanda ya shigo a lokacin sai ya jira minti guda cur kafin a waiwaye shi. To, a nan ne halin ɗan Adam yake shigowa.

Rabon mai danna waya

Ba wanda ke zuba wa allon waya ido minti guda ba tare da ya taɓa shi ba. Bayan ƴan daƙiƙoƙi sai ya sake dannawa, ya fita ya dawo, ya kashe wayar ya kunna, ya ce wa yaron kanti shi ma ya gwada da tasa. Abin da bai sani ba shi ne, a na'urori da yawa buƙatarsa ta farko tana nan a layi ba ta fita ba. Kamar matar da ta ajiye ƙwaryarta a gidan niƙa ce, ta gaji da jira ta koma gida, ta aiko ɗiyarta da wata ƙwaryar, can kuma ta aiko ƙanenta da ta uku, duk don tuwon dare ɗaya. Mai inji zai niƙa duka ukun, biyu a banza, kuma duk wanda ke bayansu ya ƙara jira. In kowa a layin ya yi haka, buƙata 120 ta zama 360, na'ura ta shiga aikin amsa mutanen da suka riga suka tafi, har ta kai inda take ta aiki ba ji ba gani amma kusan ba wanda ke samun biyan buƙata.

Wannan cuta ma tsohuwa ce. A watan Oktoba na shekarar 1986, tun intanet tana jaririya, hanyar da ta haɗa wani ɗakin bincike da jami'ar Kalifoniya a garin Berkeley na Amurka, wurare biyu da tazararsu ba ta kai rabin kilomita ba, ta faɗo daga ɗaukar ɗigon bayani 32,000 a daƙiƙa zuwa 40 kacal. Ba waya ce ta tsinke ba. Kwamfutocin ne kowace ta riƙa sake aika saƙon da ta ga ya makara, har suka toshe hanyar da kwafin abu guda. Maganin da masani Van Jacobson ya bayyana a shekarar 1988 shi ne a koya wa na'ura haƙuri: in ta ga alamar cunkoso ta rage gudu, in saƙo ya ƙi shiga ta jira, in ya sake ƙi ta ninka jiran. A kan wannan tarbiyya intanet take tafiya har yau.

Mai karatu ya lura da abin da masanan suka yi. Ba su fito suna zagin masu amfani da kwamfuta ba. Sun karɓi cewa gaggawa hali ce da ba za ta gushe ba, sai suka gina maganinta a cikin na'urar kanta. Wannan shi ne aikin injiniya, kuma shi ne aikin da ake biyan kamfani kuɗinsa a duk lokacin da aka cire wa talaka ladan aike.

Su wa ke kaɗa gangar?

Mutanen gundumar Kance ba sa bukatar a ba su labarin abin da ya faru da naira, domin kasuwancinsu da na Daura da Mai'aduwa da Kano tsintsiya ce maɗaurinki ɗaya, kuma naira tana yawo a kasuwanninsu kafaɗa da kafaɗa da sefa. Ranar 26 ga Oktoba 2022 gwamnan Babban Bankin Nijeriya na lokacin, Godwin Emefiele, ya ba da sanarwar sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000. Sababbin suka fara fita ranar 15 ga Disamba, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu 2023, daga baya aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Kuɗin da ke yawo a hannun jama'a, wanda ya haura naira tiriliyan 3 kafin sanarwar, ya faɗo ƙasa da tiriliyan 1 a watan Fabrairu. Aka ce wa kowa ya koma tura kuɗi ta waya.

Jama'a kuwa suka bi umarni. Mai tumatir da mai shayi da dillalin shanu, waɗanda ba su taɓa ciniki sai hannu da hannu ba, duk suka afka kan manhajojin bankuna da lambobin da ake dannawa a ƙaramar waya. Sakamakon kowa ya gan shi: a cire kuɗi daga asusun mai saye, kada ya isa asusun mai sayarwa, a tsaya ana rantse-rantse a tsakiyar kasuwa tsakanin mutanen da suka shekara ashirin suna amana. Masu dabbobi da masu kayan gwari suka karyar da kaya ga duk mai tsabar kuɗi a hannu. Sai da Kotun Ƙolin Nijeriya ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris 2023, a ƙarar da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka fara shigarwa, cewa tsofaffin takardun su ci gaba da aiki, sannan aka fara numfasawa.

To, a nan wa ya danne na'ura? Talakan da aka ƙwace wa takardar kuɗi aka nuna masa waya, ko hukumar da ta kora al'umma mai mutum sama da miliyan 200 zuwa ƙofa guda cikin makonni kaɗan ba tare da ta auna faɗin ƙofar ba?

Ba wannan ne karo na farko ba. A tsakiyar Disamba 2020 hukumomin sadarwar Nijeriya sun ba da makonni biyu kacal a haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa, ko a rufe shi. A lokacin layukan waya sun kai kimanin miliyan 200, masu lambar kuwa ba su kai miliyan 50 ba. Jama'a suka yi dafifi a ofisoshin rajista ana tsakiyar annobar korona, aka yi ta ɗage wa'adin, har aikin da aka ce na makonni biyu ne ya kai shekarar 2024. Ko ɗan firamare da aka ba wannan lissafi zai ce ba zai yiwu ba. Amma da layi ya yi tsawo, sai aka koma cewa mutanenmu ba sa yin abu sai ranar ƙarshe.

Dalilin talaka

Wannan zargi na jiran ranar ƙarshe ya cancanci amsa, domin masu yin sa yawanci mutane ne da banki ke bayan gidansu. Manomin Icirnawa ba ya da kuɗin rajista ko na biyan wani haƙƙi sai ya sayar da gyaɗa ko wake, kuma ba shi ya tsara lokacin kaka ba. Ɗan kasuwa yana tura kuɗi ranar kasuwa ne saboda ranar ce ake ciniki. Ma'aikaci yana zuwa ƙarshen wata ne saboda ranar ce aka zuba albashin kowa da kowa a lokaci guda, kuma mai kanti da mai gidan haya sun riga sun tsaya masa a ƙofa. Ɗalibai da iyayensu suna rububin duba sakamakon jarrabawa a sa'a guda ne saboda a sa'a guda aka sake shi. Jajibirin salla kuwa ba ya zuwa a ɓoye, yana cikin kalandar da ke rataye a ofishin kowane darakta.

Haka nan yawan dannawa. Mutumin da ya tura jika ɗari biyu, allon waya ya yi ta juyawa, bai ce ya tafi ba, bai ce bai tafi ba, me ake so ya yi? Shirun na'ura shi ke haifar da dannawa. Da allon zai ce masa an karɓi buƙatarka, ga lambarta, kai ne na kaza a layi, kada ka sake turawa, da mafi yawan mutane sun mayar da waya aljihu. Wanda ya taɓa ganin an cire masa kuɗi sau biyu, ya yi sati uku yana zarya kafin a mayar masa, ba za a kira tsoronsa jahilci ba.

Kuma kada wani kamfani ya ce bai san yadda ake karkata halin jama'a ba. Su wa suka ƙirƙiro garaɓasar dare, inda ake sayar da intanet da araha daga tsakar dare zuwa asuba? Sun yi haka ne don sun san hanyoyinsu a wofi suke a wannan lokaci, sun kuma san ragin farashi zai jawo matasa su kwana ido biyu. Ashe in don neman riba ne, an san halin mai waya ciki da bai, har ana iya sarrafa shi. In kuwa ranar biyan diyya ce, sai halin nasa ya zama abin mamaki da ba wanda ya zata.

Yadda ake yi inda ake jin kunya

Ba a ƙasashen matalauta kaɗai na'ura ke durƙushewa ba. Ranar 1 ga Oktoba 2013 gwamnatin Amurka ta buɗe dandalin rajistar inshorar lafiya na shirin shugaba Barack Obama, ya kuwa faɗi tun ranar farko, har bayanan cikin gida da suka fito daga baya suka nuna mutum shida kacal suka kammala rajista a wannan rana. Da farko jami'ai sun fake da yawan jama'a, kamar dai yadda ake yi a nan. Amma bincike ya nuna an tsara dandalin ta yadda sai mutum ya buɗe asusu kafin ya ga ko farashi, saboda haka mai son saye da mai son leƙe duk suka cushe a ƙofa guda, ga shi kuma ba a gwada shi yadda ya kamata ba kafin a buɗe. Ministar lafiya Kathleen Sebelius ta bayyana gaban majalisa a ƙarshen watan, ta nemi gafara, ta ce a ɗora mata alhakin. Aka kawo ƙwararru suka gyara cikin kimanin watanni biyu, har da tsarin layi mai gaya wa mutum ya dawo an jima in wuri ya cika. A watan Afrilu 2014 ta ajiye aiki.

Abin koyi a nan shi ne an ƙi karɓar uzurin yawan jama'a. An ɗauki cewa zuwan jama'a shi ne dalilin gina dandalin tun farko, don haka wanda ya gina abin da ba ya ɗaukar jama'a bai yi aikin da aka ba shi ba.

A gida Nijar

A nan gida ma hukuma ta taɓa nuna tana da haƙora. A shekarar 2017 hukumar kula da sadarwa, wadda a lokacin ake kira ARTP kafin ta koma ARCEP, ta ci kamfanonin waya tarar da ta haura miliyar 3 na sefa saboda rashin ingancin aiki. Abin a yaba ne. Amma tara tana shiga baitulmali ne, ba ta shiga aljihun ɗan kasuwar da motarsa ta kwana a tasha, ya biya direba kuɗin kwana, farashi ya sauya kafin gari ya waye. Kuma awon da ake yi ya fi karkata ga kira da saƙo da gudun intanet, alhali abin da ya fi ci wa ɗan kasuwa da ma'aikaci tuwo a ƙwarya yau shi ne uwar garken banki da ta kamfanin aika kuɗi.

Sannan akwai ranakun da jama'a ba su da hannu ko na sisin kwabo. A farkon Agusta 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Nijeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba Nijar a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, wutar da ta kai kimanin kashi 70 cikin 100 na abin da ƙasar ke sha a lokacin, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram ta layin Katsina zuwa Gazawa suke samunta. Ba a mayar da ita ba sai a Maris 2024. A ranar 14 ga wannan wata na Maris kuma wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, ƙasashe da dama suka shiga duhun sadarwa. Ɗaukewar wuta daban, tsinkewar waya daban, cunkoson uwar garke daban, kowanne da mai alhakinsa da maganinsa. Amma a bakin kanti duk sunansu ɗaya, babu rezo. Muddin suna ɗaya ne, ba ranar da za a kama mai laifi.

Uzurin tsada

Masu kamfani za su ce, kuma ba su yi ƙarya ba, sayen na'urar da za ta ɗauki cunkoson jajibirin salla alhali sauran kwanakin shekara tana zaune a banza asara ce, kuma a ƙarshe mai waya ne zai biya. Sai dai wannan uzuri ya tsufa. Yau ana hayar ƙarfin kwamfuta na kwana biyu ko uku a mayar, kamar yadda ɗan kasuwa ke hayar ƙarin mota lokacin kaka ba tare da ya saye ta ba. Ban da haka, yawancin magungunan ba kuɗi suke ci ba, tunani suke ci.

Ba kowane aike lamba tasa ta kansa, ta yadda ko an danna sau goma sau ɗaya za a cire kuɗi, tsohuwar dabara ce da kowane mai rubuta manhaja ya sani. Sa manhaja ta riƙa jinkirtawa da kanta kafin ta sake gwadawa, darasin 1988 ne. Mayar da mutum baya da amsa bayyananniya tun a ƙofa in layi ya cika ya fi a riƙe shi cikin duhu. Rage nauyin hotuna da ƙyale-ƙyale don ƙaramar waya a ƙauye ta iya buɗewa, wannan ma ba ya son miliyoyi. Rarraba ranakun biyan albashi ma'aikata bayan ma'aikata, ko wa'adin rajista jiha bayan jiha, takarda guda ce da sa hannun minista. Gwada na'ura da cunkoson ƙarya kafin ranar cunkoson gaske kuwa, wanda bai yi shi ba bai cancanci lasisi ba.

Abin da ya kamata a nema

Ya kamata ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago su daina karɓar babu rezo a matsayin ƙaddara, su nemi abubuwa huɗu a rubuce. Na ɗaya, duk banki ko kamfanin aika kuɗi ya riƙa bayyana wa jama'a sa'o'in da na'urarsa ta tsaya a kowane wata da dalilin tsayawar. Na biyu, a sa wa'adin mayar da kuɗin da ya maƙale, da diyya ga kowace ranar da ta wuce wa'adin. Ko a Nijeriya Babban Banki ya sa dokar sa'o'i 72 tun shekarar 2020 ga kuɗin da ya maƙale a na'urar POS ko ta intanet, kuma ko da ba kullum ake cika ta ba, mai ƙara yana da abin riƙewa. Na uku, duk hukumar da za ta sa wa jama'a wa'adi ta fara nuna lissafin mutum nawa na'urarta ke iya ɗauka a rana, in kuwa na'urar ta faɗi, wa'adin ya ƙaru da kansa ba tare da an ci tarar kowa ba. Na huɗu, kada a rufe tsohuwar hanya ta takarda da tsabar kuɗi sai sabuwar ta nuna tana iya ɗaukar kaya.

Su ma masu waya da nasu rabon, kuma faɗinsa ba cin fuska ba ne. Wanda ya tura kuɗi bai ga amsa ba, ya duba abin da ya rage a asusunsa kafin ya sake turawa. In ya ƙi, ya ba shi minti biyar, in ya sake ƙi ya ba shi goma, domin dannawa ba kakkautawa ba ta matso da kowa gaba, tana ƙara wa layin tsawo ne har da shi mai dannawar. Ya adana lambar aike da saƙon shaida. Ɗan kasuwa kada ya saki kaya don an nuna masa hoton rasit, sai ya ga kuɗi a nasa asusun. Wanda kuma Allah ya hore wa halin biya tun kafin ranar ƙarshe, ya yi, don ya rage wa wanda ba shi da hali.

Amma a bar kowane kaya a kan mai shi. Haƙurin mai waya taimako ne yake yi, gina na'urar da za ta ɗauki jama'a kuwa wajibi ne a kan wanda ya karɓi lasisi yake kuma karɓar lada a kan kowane aike. Mutanen Icirnawa ba su roƙi a raba su da tsabar kuɗi da takarda ba. An zo har gida an ce musu zamani ya sauya, ga hanya mai sauƙi, suka amince suka miƙa dukiyarsu ga na'urar da ba su taɓa gani ba, a garin da yawancinsu ba su taɓa zuwa ba. Wanda aka ba irin wannan amana, ranar da masu amanar suka zo gaba ɗaya neman abinsu, abin da ya rage masa shi ne ya biya su, ko ya fito ya faɗi dalilin da ya sa ya kasa, da sunansa da ranar da zai gyara. Allah ya sa masu kunne su ji.